Tarihin Rayuwata, Kashi na 7: Shekarar Siminti

A makon jiya na tsaya inda Baffa ya ɗauko ni daga Agege ya zaunar da ni a rumfarsa ta gawayi da itace a Ijora. Allah ya jiƙan Baffa. Kullum maganarsa ɗaya ce: jirgi baƙo ne, murhu ɗan gida.

Yaya bai taɓa yarda da wannan magana ba. A 1975, lokacin da gwamnatin Gowon ta yi odar simintin da ya fi ƙarfin tashar Apapa, jirage sama da 400 suka yi cirko-cirko a kan teku, wasu watanni suna jiran layi. Abincin ma'aikatansu ya ƙare. Yaya ya riƙa sayen albasa da shinkafa a Iddo, inda jirgin ƙasa ke sauke kayan Arewa, ya haɗa da raguna da kaji, a loda a kwale-kwale a kai musu ta hannun wani ejan, wato dillali. Na bi shi na gani da idona: a ɗaure rago da igiya ta ƙirji, a ja shi sama yana kuka yana harbin iska.

Kuɗi sun shigo, ban musa ba. Abin da ban yafe ba shi ne da ya sayar da rabin rumfarmu Baffa na kwance ba lafiya, ya ce wai mai tallar gawayi ba ya sa farar riga. A gaban Inna ya faɗa. 'Ya'yansa da ke cewa yau shi ya gina gidanmu, su tambayi wa ya riƙa auna wa matan Ebute Metta kananzir kwalba-kwalba, yana bin bashi gida-gida har ƙarshen wata.

Murtala ya hau, aka soke odar, a 1977 aka buɗe tashar Tin Can, cunkoso ya watse. Ejan nan ya ɓace da kuɗin kaya masu yawa. Ko a 2016 da aka cire tallafin kananzir matan suka koma gawayi, sai da na tuna Baffa: murhu ɗan gida.

Ranar da Yaya ya dawo rumfa, gaishe ni kawai ya yi, ya ce, "Ƙanena, ina awo?" Na miƙa masa mazurari. Zancen auren Inna ƙarama sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.