Abin da zanen ɗalibaina ya nuna mini

Na daɗe ina koyar da fiziks a ajin ƙarshe na sakandare kafin in gane cewa ɗalibaina haddar darasin kwantum, wato ilimin halayen abubuwa mafi ƙanƙanta, kawai suke yi. In na tambaye su mene ne elektiron, ɗaya daga cikin ƙananan abubuwan da ke cikin atom, sai su amsa baki ɗaya: ƙwaya ne, kuma igiya ne (wato wave). Sai in ji daɗi in wuce gaba.

Wata rana na ce kowa ya zana mini elektiron yana tafiya. Da na tattara takardun, jikina ya yi sanyi. Kusan duk abu ɗaya suka zana: ɗan ƙwallo yana bin layi mai lanƙwasa, yana hawa yana sauka kamar maciji. Wata ɗaliba ma ɗora ƙwallon ta yi a kan igiyar ruwa, kamar kwale-kwale. Na tambaye ta dalili, ta ce, "Malam, ai kai ka ce duka biyun ne, shi ya sa na haɗa su." Tana da gaskiya. Kalmomi biyu na ba su, ban nuna musu abin da ya tilasta wa masana furta su ba.

Tun daga nan na sauya salo. Lissafin da masanin fiziks Louis de Broglie ya kawo a 1924, wanda ya ce elektiron ma yana da halin igiya, yanzu sai a ƙarshe nake koyar da shi. Da gwajin masanin kimiyya Thomas Young nake farawa: haske ya ratsa tsaga biyu, ya fito a allo ratsi-ratsi, nan haske nan duhu, alamar cewa haske yana da halin igiya. Sannan in nuna musu hotunan gwaji irin wannan da Akira Tonomura da abokan aikinsa suka wallafa a 1989 daga Japan, inda ake sakin elektiron ɗaya bayan ɗaya. Kowanne ɗigo guda yake bari a allo. Da farko ɗigon a warwatse suke, ba tsari. Sai sun kai dubbai ratsin ke bayyana. Anan nake tsayawa in jaddada cewa igiyar ba hanyar da elektiron ke bi ba ce, tana nuna inda ya fi yiwuwa a same shi ne.

Ɗalibar nan ta daɗe tana kallon hotunan, sannan ta ɗaga hannu: "To Malam, ta wace tsaga ya bi?" Na ce mata da zarar an sa na'urar da za ta gano hakan, ratsin ɓacewa yake yi. Ajin ya yi tsit. Har aka kaɗa ƙararrawa ba wanda ya tashi.