Maganin da haske ke tayarwa da kumburarrun jijiyoyin bututun abinci

Idan hanta ta taurare, jinin da ke tasowa daga hanji ba ya samun hanyar wucewa ta cikinta, sai ya nemi mafita ta ƙananan jijiyoyin ƙasan bututun abinci. Su kuwa ba a yi su don wannan lodi ba. Sai su kumbura, fatarsu ta yi siriri, wata rana su fashe, mutum ya kama aman jini ko ya riƙa bayan gida baƙi ƙirin. A wurarenmu ciwon hanta nau'in B da tsargiyar hanji ne kan gaba wajen jawo haka.

To, ina haske ya shigo? Ana ɗura wa majiyyaci magani ta jijiya, wanda ba ya taɓuka komai sai hasken leza ya faɗo masa. Sai a zura na'urar leƙa ciki ta baki, da siririn zaren gilashi mai kai hasken daidai wurin. Da hasken ya taɓa maganin, sai ya mayar da oksijin ɗin da ke nan ya zama mai ƙuna, ya lalata shimfiɗar cikin jijiyar, jini ya daskare, ta toshe.

Duk sirrin aikin yana ga lokaci. A maganin sankarar bututun abinci, wanda Amurka ta amince da shi a 1995, ana ba da irin wannan magani mai suna Photofrin, miligiram 2 kan kowane kilo na nauyin jiki, a jira awa 40 zuwa 50 har ya bar jini ya zauna cikin tsoka, sannan a haska jan haske mai tsawon zango nanomita 630. In jijiya ake hari kuwa, ba a wannan jiran, ana haskawa tun maganin yana yawo cikin jini. Likitocin Sin, da suka saba amfani da wani makamancinsa mai suna Hemoporfin wajen goge jan tabon haihuwa a fata, sun gwada wannan a Bejin a kan majiyyata 'yan ƙalilan. Kuma ba manyan jijiyoyi suka nufa ba. Sun nufi sababbin ƙanana masu tsirowa bayan an gama da manyan, waɗanda sun yi ƙanƙanta a ɗaure su da zoben roba, amma su ne ke girma ciwon ya dawo.

Dalilin a fili yake. Koren hasken da ake amfani da shi a kan jijiya ba ya nutsawa da zurfi, jinin kansa ma yana shanye shi. Wannan na kare bangon bututun daga hujewa, amma a babbar jijiya samanta kawai zai ƙona, ƙasa na nan buɗe, jini na turowa da ƙarfi. An raunana bango ke nan ba a rufe hanya ba. Saboda haɗarin zubar jini, takardar Photofrin kanta ta gargaɗi likita kada ya haska kan kumburarriyar jijiya.

Akwai kuma wahalar bayan aiki. Mai Photofrin a jiki zai guji rana da fitila mai ƙarfi aƙalla kwana 30, ya rufe hannu da fuska, ya sa baƙin tabarau, kuma man kare fata ba ya hana wannan ƙunar. Ka auna wannan da ranar Sakkwato ko Maraɗi. Hanta ce kuma ke fitar da maganin, ga ta ba lafiya, don haka yana iya daɗewa fiye da haka. Inda ƙunar ta yi zurfi, tabo kan tsuke bututun har haɗiya ta gagara.

A ganina hanyar tana matakin gwaji, ba a kai ga ɗora ran majiyyaci a kanta ba. Abin da aka tabbatar shi ne ƙwayar propranolol ko carvedilol don rage matsin jinin, da ɗaure jijiyoyin da zoben roba duk mako 2 zuwa 4 har su ɓace. In jini ya ɓalle, a garzaya asibiti: allurar terlipressin ko octreotide don rage zubar jinin, maganin kashe ƙwayoyin cuta ceftriaxone giram 1 kullum, leƙa ciki kafin awa 12, da ƙarin jini daidai gwargwado, don in aka cika shi matsin zai ƙaru, jijiyar ta sake fashewa.