Gishirin da muke ci ba mu sani ba

Tun da aka tabbatar wa Inna da hawan jini, cefanen gidanmu ya dawo hannuna. Likita ya ce a rage mata gishiri. Muka rage na miya har ta fara cewa abincin lami ne, amma awo ya ƙi sauka yadda ake so. Wata ma'aikaciyar jinya ce ta tambaye ni dunƙule nawa muke sawa a tukunya, sannan ta ce in riƙa juya ledar duk abin da zan saya in karanta bayanta.

Da dunƙulen na fara. A jerin abubuwan da aka haɗa shi da su, gishiri ne a sahun gaba, kuma ƙa'idar wannan jeri ita ce abin da ya fi yawa shi ake fara rubutawa. Ƙasa da shi akwai ɗan jadawali mai lambobi, inda ake rubuta sodiyam. Sodiyam wani ɓangare ne na gishiri, don haka sai ka ninka lambarsa sau biyu da rabi kafin ka samu ainihin yawan gishirin. Da na yi lissafi, kusan rabin dunƙule mai nauyin giram 4 gishiri ne. Hukumar Lafiya ta Duniya kuwa cewa ta yi kada babba ya kai giram 5 a yini, wato bai cika ƙaramin cokalin shayi ba. Tukunyarmu ta rana tana cin dunƙule biyar ko shida, ta dare ma haka, ga wanda ake dakawa cikin yaji, ga na awara da yamma. Ashe gishirin da muka hana Inna ta ƙofa, ta taga yake dawowa.

Taliyar yara mai dafuwa nan take ma haka take. 'Yar ledar garin ɗanɗanon da ke cikinta ita ce ma'ajiyar gishirin, yanzu rabi nake zuba wa ƙannena, in ƙara albasa da attarugu da ƙwai.

Abin da ya fi ɗaukar mini lokaci kafin in gane shi ne ma'aunin da lambobin suka tsaya a kai. Wani kamfani zai rubuta na giram 100, wani kuma na abin da ya ƙaddara mutum zai ci a zama ɗaya, wanda sau da yawa bai kai rabin fakiti ba. Wa ke buɗe biskit ya ci uku ya ajiye sauran? Idan zan gwada kaya biyu a shago, layin giram 100 ko mililita 100 kaɗai nake dubawa, domin shi ne ke ɗora su a sikeli ɗaya.

Lemon kwalba kuwa sai wanda ya san zafin Sakkwato a watan Afrilu, lokacin da ma'auni ke haye 40 kuma maƙogwaro ba ya son komai sai mai sanyi. Yawancin waɗanda na duba suna da sukari wajen giram 10 a kowace mililita 100. Roba mai rabin lita ke nan giram 50, fiye da cokalin shayi 12, kuma wannan shi ne iyakar da Hukumar ta sa wa babba na yini guda, tare da shawarar cewa rabinsa ya fi. Lemon kwali mai hoton lemu da mangwaro a gaba bai fi shi da komai ba idan ruwa da sukari ne suka buɗe jerin. Yanzu zoɓo da tsamiya muke haɗawa a gida, aƙalla mun san cokali nawa ya shiga.

Ranar da na karanta wa Inna bayan ledar madarar gari, cewa an cire man nonon an maye shi da man ganyayyaki, sai ta riƙe haɓa ta ce, "Ke 'yar nan, to mi muka sha shekara da shekaru?" Ba guba ba ce, Inna, na ce mata, amma ba ita ce cikakkiyar madara ba, kuma wannan ne ya sa ta fi araha. Ina ganin haƙƙin mai saye ne ya san haka kafin ya miƙa kuɗinsa.

Lambar NAFDAC, hukumar kula da ingancin abinci da magunguna, ina dubawa, da ranar ƙarewar aiki, musamman kayan da ke shan rana a kan tebur a bakin titi. Sai dai lambar shaida ce cewa an yi wa kaya rajista, ba ta ce ya dace da mai hawan jini ko mai ciwon sukari ba. A kan mai da fulawa da sukari ina neman alamar ido, mai nuna an ƙara bitamin A.

Abin da ke damuna shi ne yawancin cefanenmu ba ya zuwa da rubutu ko kaɗan. A Babbar Kasuwa ana farke buhun madara a auna maka a ƙulla a farar leda, mai kuma a ɗura shi a tsohuwar roba. Na saba yanzu in ce, "Alhaji, don Allah a nuna mini buhun," kuma mai shagon da nake saye wurinsa yakan jawo shi in karanta. Ga kuma kanwa, wadda muke jefawa a miyar kuka da wake ba tare da tunanin komai ba, alhali ita ma sodiyam ce cike da ita. Ta Inna mun daina sa mata, dunƙule ya koma biyu a tukunya, daddawa da tafarnuwa da citta ke riƙe da ɗanɗanon, maganinta kuma tana shan sa kamar yadda likita ya rubuta.