Abin da na koya wajen mayar da nitiret amoniya

Duk wanda aka yi wa bayanin wannan dabarar da baki sai ya ce ai magana ta ƙare. Ragowar takin zamani na zurarewa daga gonaki ya zama nitiret a rijiyoyi da koguna, wani lokaci har ya haura miligiram 50 a lita, iyakar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa wa ruwan sha. Can kuma masana'antu na cinye iskar gas wajen yin amoniya, sinadarin da ake haɗa takin zamani da shi, ta hanyar Haber da Bosch, wadda ake bi tun 1913, da zafin digiri 400 zuwa 500 da matsi mai tsanani. To me zai hana a sa wa gurɓataccen ruwan lantarki, nitiret ya koma amoniya, a mayar da ita gona?

Sai da na shiga ɗakin gwaje-gwaje na ga inda gizo ke saƙar. Kowace ƙwayar nitiret sai ta karɓi ilektiron takwas kafin ta zama amoniya, kuma tana iya maƙalewa a hanya. Jan ƙarfe, wanda yawancinmu ke fara yin farantin da ke kai wuta cikin ruwan da shi don araharsa, gwani ne a matakin farko, nan da nan yake mayar da nitiret nitirait. Daga nan sai jikinsa ya yi sanyi, ga shi nitirait ya fi nitiret guba. Shi ya sa ake haɗa shi da kobalt ko nikel ko ruteniyam su ƙarasa aikin. In kuwa gajen haƙuri ya sa ka ƙara wuta, sai ka ga ƙananan kumfa sun rufe farantin: ruwan ne ke rabewa, haidurojin na tashi, wutarka na tafiya a banza.

Shuɗin launin da gwajin amoniya ke bayarwa ma ba a saurin yi masa murna. Akwai amoniya a numfashi, a safar hannu, a iskar ɗakin. Shugabanmu ba ya ko duban sakamako sai an maimaita da nitiret mai ɗauke da naitirojin-15, wani nau'in naitirojin da ake iya bin sawunsa, a tabbatar daga cikinsa amoniyar ta fito.

Darasin da ya fi zauna mini shi ne na ruwan kansa. Alkaluman da ake wallafawa cewa sama da kashi 90 cikin ɗari na wutar na tafiya wajen yin amoniya, galibi a tataccen ruwa aka samo su, wanda aka zuba wa nitiret mai yawa da gangan. Ruwan rijiya nitiret ɗinsa kaɗan ne, ga kalsiyam da magnisiyam da ke bin farantin suna daskarewa fari fat, irin na gindin butar shayi, har su toshe shi. Amoniyar da ka samu kuma tana narke a ruwan, fitar da ita wani kuɗin ne daban.

A ganina, masana'antun da dagwalonsu ke da nitiret mai kauri ne za su fara cin moriyar abin. Na rijiyar ƙauye da sauran aiki.