Fanka da farasitamol sun kusa raba mu da Baba

Zafin da ya fi haɗari shi ne wanda dare ba ya hucewa. Bango da rufin ɗaki su sha rana yini guda, su kwana suna amayar da zafin, jiki bai samu hutu ba gari ya sake wayewa. A makon da muka shiga irin wannan yanayin ni ne mai fita aiki, don haka ni kowa ke yi wa faɗa: sha ruwa, nemi inuwa, kada ka yi yawo da tsakar rana. Na bi, kuma ko ciwon kai ban yi ba. Wanda zafin ya kayar shi ne mahaifina, da ko ƙofar gida bai leƙa ba.

Yana kwance a ɗaki, fanka na juyawa a kansa, kowa ya saki jiki. Wannan sakin jikin ne har yau yake ƙona mini rai. Idan zafin ɗaki ya haura digiri 40, iska mai zafi kawai fanka ke hura wa mutum, shi ya sa Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada a dogara da ita a wannan matakin. Ga shi tsoho ba ya jin ƙishirwa kamar yaro, kuma maganin hawan jinin da Baba ke sha irin mai sa yawan fitsari ne. Ruwan jikinsa na ta tafiya, shi bai nema ba, ba wanda ya matsa masa.

Da na dawo na durƙusa gaishe shi, sai ya kira ni da sunan ƙaninsa da ya rasu tun tuni. Na ce, "Baba, kun gane ni kuwa?" Ya yi wata magana da ba ta da kai. Na taɓa shi, jiki rau, fata a bushe, babu ɗigon gumi. Aka ce ai zazzaɓi ne, an ba shi farasitamol tun da rana, ana jira ya sauka. Jira! Farasitamol zazzaɓin cuta yake saukewa, wanda ƙwaƙwalwa ce da kanta ta ɗaga zafin jiki. A bugun zafi kuwa, wato irin abin da ya kama Baba, daga waje zafin ya fi ƙarfin jiki, ƙwayar ba ta da abin yi, sai ma ta ƙara wa hanta nauyi.

Muka cire masa kaya, muka riƙa kwara masa ruwan sanyi, muka sa jiƙaƙƙun tsummoki a wuya da hammata da matsematsi. A nan ne fankar ta yi rana, don a kan jiƙaƙƙen jiki tana sanyayawa. Wani ya kawo kofi zai ɗura masa, na hana, mutumin da ba ya cikin hayyacinsa ruwa na iya sarƙe shi. Har cikin mota ba mu daina jiƙa shi ba. Likita ta ce sanyayawar da aka fara tun daga gida ce ta taimake shi, amma ƙodarsa ta taɓu, sai da ya kwanta a asibiti.

Daga baya na karanta cewa zafin da aka yi a Turai a 2003 ya kashe mutum sama da 70,000, akasarinsu tsofaffi, da yawa a cikin gidajensu. Ban yi mamaki ba ko kaɗan.

Yanzu idan zafi ya tsananta, ba na tambayar Baba ko yana jin ƙishirwa, kofin nake miƙa masa in tsaya har ya shanye. Labule a sauke da rana, tagogi a buɗe da dare idan waje ya fi ciki sanyi. Nakan ja shi da hira don in ji ko maganarsa na tafiya daidai, in kuma tambayi launin fitsari, ko da yake yana jin haushin tambayar. Maganin hawan jinin kuwa ba mu dakatar da kanmu ba, likita muka koma wa ta daidaita masa shi.