Ɗaga Hilux da ƙara mata sifirin: yadda muke aikin a garejinmu

Duk wanda ya kawo mana Hilux ya ce a ɗaga masa ita, tambayarmu ta farko ita ce: "Alhaji, me za ta riƙa ɗauka, kuma wace hanya za ta bi?" Motar da ke kwaso albasa daga fadamar Wurno ko Goronyo aikinta daban da wadda za ta riƙa yawo cikin garin Sakkwato da taya mai faɗi. Daga amsar nan muke sanin sifirin da za mu ɗaura.

Hilux ta 2005 zuwa yau gabanta hannuwa biyu ne, sama da ƙasa, da sifirin mai murɗi zagaye da shok, baya kuma sifirin mai falle. Irin wannan gaba ba ya son ɗagawa ta wuce inci 2, wato milimita 50. In aka zarce, shaft ɗin da ke juya tayar gaba zai karkace, robarsa ta tsage, yashin hanyar Illela ya shiga giris ya cinye joyin cikin 'yan makonni. Boljoyin na sama ma yakan ƙure. Mai son inci 3 sai ya yarda a sauya hannun sama, a kuma sauko da difaranshiyal na gaba kaɗan. In ya ce kuɗin sun yi yawa, mu tsaya a inci 2.

Baya ne ake yawan yi wa ɓarna. A bakin titi za a warware sifirin, a cusa falle uku ko huɗu da aka ciro daga wata mota daban, a ce an ƙara ƙarfi. Faɗin fallen bai zo ɗaya ba, lanƙwasarsu ba ta zo ɗaya ba. Motar ta koma kamar amalanke in babu kaya, dukan da sifirin ya kamata ya shanye ya koma kan shasi, wata rana a ga tsaga kusa da maratayin sifirin. Wasu har gasa falle suke da wuta don su lanƙwasa shi, ko su ɗiga masa walda. Ƙarfen sifirin in ya sha wuta ya mutu, ko ya kwanta ko ya karye.

Mu falle ɗaya muke ƙarawa, biyu in motar kullum cikin lodi take, masu faɗi daidai da na asali. Muna yanke su kowane ya gaza na samansa tsawo, mu goge bakin don kada ya ci ɗan'uwansa. Senta bol mai haɗe fallayen sabo, yu-bol masu ɗaure sifirin a kan aksul sababbi. Tsohon yu-bol ya riga ya miƙe, in aka mayar da shi zai saki, aksul ya goce, motar ta riƙa tafiya a karkace kamar kare. Bushin ɗin sifirin kuwa ba a ɗaure notinsu sai an sauke mota daga jek ta zauna kan tayoyinta, in ba haka ba robar za ta murɗe ta yage.

Akwai ƙananan abubuwa da mai arha ba ya ko kallo. Tiyon birkin baya yana buƙatar ƙarin tsawo, kada ya ɗame lokacin da taya ta faɗa rami. Wasu Hilux ɗin suna da bawul mai raba ƙarfin birki gwargwadon lodi, da sanda mai zuwa kan aksul. In an ɗaga mota ba a ɗaga maƙalar sandar ba, bawul ɗin zai ɗauka babu kaya, birkin baya ya yi sanyi alhali buhuna sun cika bodi. Shok ma dole a auna tsawonsa a buɗe da a matse. Furofela, wato sandar da ke kai ƙarfin inji baya, in ta fara kaɗawa, da siririn ƙarfe mai gangare a ƙarƙashin sifirin ake gyara kusurwarta.

Sai walda. Kafin a taɓa shasi, a cire kan batir. Inda za mu ƙarfafa, farantin ƙarfe muke yankawa mai bakin mashi a gefe biyu, kaurinsa kusa da na shasin, don miƙaƙƙiyar walda daga sama zuwa ƙasa nan ne tsaga ke farawa. Sandar walda 7018 muke sawa, busasshiya. Bamba da kejin bodi da bol mai lamba 8.8 ko 10.9 muke kama su, yadda za a iya kwancewa. Bol ɗin jabu ya cika kasuwa, lambar na kai amma sifana na ja zare ya kwaɓe, shi ya sa muke gwada ɗaya daga kowane kwali.

Mai mota zai ce wani ya yi masa rabin kuɗinmu. Mukan ce ya je ya leƙa ƙarƙashin motar da wancan ya yi bara. Ɗagawa dai ba ta ƙara wa aksul da birki ƙarfi, Hilux kayanta wajen tan 1 ne. In mun gama, sai a saita tayoyin gaba, kuma bayan kilomita 500 a dawo mu sake ɗaure yu-bol, wannan ba ma karɓar ko sisi.