Kilarinet ɗina da iskar Kumasi

Lokacin da na baro Zariya na sauka a unguwar Aboabo da ke Kumasi, abin da na fi lallaɓawa cikin kayana shi ne kilarinet ɗina, wato abin busa na Turawa mai kama da algaita, wanda na koya tun ina makarantar sakandare. An sassaƙa shi da wani baƙin itace mai nauyi da ake kira mpingo a Tanzaniya, ana kuma samunsa a Mozambik. Duk taurin wannan itace, yana shan danshi ya kumbura, idan iska ta bushe kuma ya tsuke.

A gida hunturu muke tsoro, lokacin da danshin iska kan sauka ƙasa da kashi 20 cikin ɗari, leɓe ya tsage, kanta ta fito a ƙafa. Saboda haka da na tarar da Kumasi cikin lumshi da ruwan sama, inda damina ke zuwa sau biyu a shekara, sai na saki jiki, na ɗauka cewa na rabu da wannan fargaba. Wahalar farko ma wata iri ce daban: gaɓoɓin kilarinet ɗin, waɗanda ake harhaɗawa kafin busa a kuma raba bayan an gama, suka kumbura har ba sa rabuwa sai da ƙyar, maɓallan suka fara tsatsa, akwatin kuma ya yi fumfuna.

A watan Janairu hazo ya iso. Hunturun nan bai kai na Arewa tsanani ba, amma itacen da ya yi wata takwas yana shan laima bai san da haka ba. Wata safiya mai sanyi na ɗauko shi na shiga busa ba tare da na ɗumama shi ba, ban fi minti 10 ba na ji sautin ya canza, da na duba sai ga siririyar tsaga a gaɓar sama, tsakanin ramuka biyu da ke kusa da juna. Raina ya ɓaci ƙwarai, domin mahaifina ne ya sayar da ɗan bijiminsa ya saya mini shi. Dalilin tsagar a fili yake: numfashi mai ɗumi da danshi ya kumbura cikin bututun, bayansa kuwa iska ta busar da shi yana tsukewa, sai wurin da ya fi rauni ya buɗe.

Maigidan da ya ba ni masauki, dattijo ne da ya tsufa a fataucin goro, shi ya fara fahimtar da ni. Ya juya abin a hannunsa ya ce, "Yaro, kai da ka fito daga Arewa ba ka ga yadda muke kai muku goro ba? Cikin ganye muke naɗe shi a huhu, ana yayyafa masa ruwa a hanya, don kada iska ta buge shi farat ɗaya." Na ce, "Gaskiya ne, Baba." A ganina ya fi masu littafi gane matsalar, domin saurin sauyin ne ke yin ɓarna fiye da bushewar kanta.

Wani mai gyaran kayan busa a Accra ya cike tsagar da gam da garin itacen, sauti ya dawo. Tun daga nan nake ajiye ɗan ma'aunin danshi a akwatin, ina ƙoƙarin kada ya fita daga kashi 40 zuwa 60. Da damina nakan sa abin tsotse laima, da hunturu kuma ɗan soso mai danshi. Kafin busa nakan riƙe gaɓar sama a hammata har ta yi ɗumi, bayan na gama in zare ruwan ciki da ƙyalle, ba na kuma ajiye shi gaban na'urar sanyaya ɗaki. Don bukukuwan da ake yi a fili cikin rana kuwa, na sayi na roba, shi nake fita da shi.